Idan mai doki ya rasu, wa zai sayi harawa?

A watan Satumba na 2015, lokacin da fadar shugaban ƙasa ta fitar da bayanin abin da marigayi Muhammadu Buhari ya mallaka, hankalin yawancin mutane ya tafi ne kan kuɗin banki da gidaje. Amma a cikin jerin akwai shanu 270, tumaki 25, dawakai biyar da tsuntsaye iri-iri. An lissafa su tare da gidajen ƙasa biyu na Daura da filaye da motoci, kuma ba wanda ya ga baƙon abu a ciki, domin a wurin doka duk sunansu ɗaya, dukiya. Duk maganar da za a yi kan makomar dabba bayan rasuwar mai ita, daga nan take farawa. Dabba ba ta cin gado, gadonta ake ci.

Mai dabbar kuwa ba haka yake gani ba. Mutumin da ya shekara goma yana fita Hawan Bariki a kan doki ɗaya, wanda daga tsayuwar dokin a turke yake gane yau ba ya jin daɗi, ba za ka gaya masa dokin nan da babur ɗinsa matsayinsu ɗaya ba. Haka tsohuwar da kyanwa ke kwana a ƙafafunta, haka mafaraucin da karensa ya taɓa tsayawa tsakaninsa da gyado. Sai dai ranar da rai ya yi halinsa, shari'a ba ta tambayar wa dabbar ta saba da shi. Abin da take tambaya shi ne ta wa ce yanzu, amsar kuma ita ce ta magada ce, su duka, tun daga lokacin da numfashi ya yanke.

Lokaci-lokaci labari kan zagaya a Facebook cewa wani kare a Amurka ya gaji miliyoyin daloli, mutane su yi ta salati. Wanda ya fi fice shi ne na Leona Helmsley, attajirar otal-otal ta birnin New York, wadda ta mutu a 2007 ta ware dala miliyan 12 domin ƙaramar karyarta mai suna Trouble, alhali ta hana jikokinta biyu ko sisi. Abin da ba a cika ƙarasa faɗa ba shi ne, a 2008 alƙaliya ta zaftare kuɗin zuwa miliyan 2, jikokin nan biyu kuma suka sami miliyan 6. Ko miliyan biyun ma ba karyar ce ta mallaka ba. An zuba su ne a asusun amana, wani mutum yana riƙe da kuɗin, wani manajan otal a Florida yana riƙe da karyar, ana fitar da na abinci da na likita da na masu gadi, don har barazanar kashe ta an yi. Da ta mutu a 2010, ragowar ya koma gidauniyar taimako ta matar.

Tsarin ke nan ko'ina a can. Dukkan jihohin Amurka 50 suna da dokar da ta yarda da irin wannan asusu, Minnesota ce ta ƙarshen shiga a 2016. A Ingila abin ya fi tsufa. Tun a 1842 kotu ta amince da wasiyyar wani da ya ware fam 50 a shekara don kula da baƙar goɗiyarsa, a 1889 kuma ta amince da ta wani da ya ware fam 750 a shekara don dawakansa da karnukan farautarsa. Amma alƙalan Ingila sun daɗe suna nuna raunin abin: idan mai riƙon amanar ya cinye kuɗin, wa zai kai ƙara? Doki dai ba ya zuwa kotu. Attajirin Indiya Ratan Tata, da ya mutu a watan Oktoba na 2024, ya bi hanya mafi sauƙi, ya ambaci mutum guda, mai dafa masa abinci da ya daɗe tare da shi, ya ce shi zai riƙe karensa Tito, ya kuma ware abin ciyarwa.

Malaman fiƙihu sun tauna wannan mas'ala tun kafin a san da waɗannan kotuna. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalanmu ke dogara da shi, sharaɗin wanda za a yi wa wasiyya shi ne ya zama wanda mallaka ke inganta a gare shi. Jaririn da ke ciki ya shiga, in an haife shi da rai. Masallaci ma ya shiga, domin a kan masu salla amfanin zai koma. Dabba ba ta mallaka. Imam Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ya fayyace abin sosai: in mutum ya yi wasiyya ga dabba da nufin mallaka mata, wasiyyar ɓatacciya ce, amma in ya ce a kashe kuɗin a kan abincinta, ta inganta. Saboda haka wanda ya ce "na bar wa dokina naira miliyan biyu" ya buɗe ƙofar da kowane magaji zai iya bi ya rushe maganar. Wanda ya ce "na yi wasiyya da dokina ga wane, tare da naira miliyan biyu ya ciyar da shi" ya ɗora abin a wuyan mutum mai suna, wanda za a iya kira a tambaya.

Ita ma wannan ba ita ce ta farko a layi ba. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza. Sannan bashi. Sannan wasiyya, wadda ba za ta wuce sulusin abin da ya rage ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya ce sulusin ma da yawa. Sannan magada. In bashi ya cinye dukiyar, dokin kasuwa zai tafi, ko da an rubuta wasiyyar da ruwan zinari.

Kafin a zo ga raba ma, sai an wuce ware, kuma a gidajenmu nan ne rikicin farko yake. Ba kowace dabbar da ke tsakar gidan mamaci ce tasa ba. Akuyoyin da ke turke a bayan ɗaki sau da yawa na uwargida ne, da kuɗin adashinta ko na ƙuli-ƙuli ta saye su. Tunkiyar can ta 'yar auta ce, kakarta ta ba ta ranar suna. Ragon da ake ta ɗura wa dusa wataƙila na abokin mamacin ne da ke Kano, ya aiko a kiwata masa zuwa layya. A rugar Fulani abin ya fi haka sarƙaƙiya, don garke ɗaya kan haɗa shanun sadakin mata, da na 'ya'ya da aka ba su tun suna ƙanana, da na amana daga mutanen gari. A ɗaya gefen kuma, mamacin na iya samun shanu goma a hannun wani makiyayi a wajen Mashi ko Zango, ba wanda ya sani sai su biyu. In makiyayin mai tsoron Allah ne ya zo ya faɗa. In ba haka ba, sun tafi.

Amma lokacin da ya fi hatsari ga dabba shi ne tsakanin ranar rasuwa da ranar rabo, wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Ku ɗauki gida irin wanda kowa ya sani a cikin birnin Katsina, mai barga a gefen zaure. An yi sadakar uku, rumfa na nan a ƙofar gida, masu gaisuwa na ta shigowa rukuni-rukuni. Muri, dattijon da ya shekara ashirin yana kula da dokin, ya raɓo ta bayan tabarma ya durƙusa kusa da babban ɗa.

"Ranka ya daɗe, harawa ta ƙare tun jiya. Dusar ma ta yau ce kawai ta rage."

"Haba Baba, yanzu ake ta wannan? Bari a share makoki mana."

"To ai shi bai san ana makoki ba, ranka ya daɗe."

Babban ɗan ba mugu ba ne. Gaskiyar ita ce bai san daga aljihun wa kuɗin za su fito ba. Marigayi ne ke miƙa wa muri kuɗi duk Juma'a daga aljihun gaban rigarsa, ba rubutu ba lissafi. Asusun banki kuwa, da zarar banki ya sami labarin rasuwa sai ya rufe shi har a kawo takardar kotu. Sai a ce a ɗan ba dokin abin da ya samu, yau ƙaiƙayi, gobe a ga ya rame a tausaya masa a cika masa kwano da dawa. Doki kuwa cikinsa ƙarami ne in aka gwada da girman jikinsa, kaɗan-kaɗan yake ci dare da rana, kuma ba ya iya amai. Canjin abinci farat ɗaya, musamman hatsi mai yawa bayan yunwa, shi ke kawo ciwon cikin da kan kayar da doki cikin kwana ɗaya. Ga kuma tsayuwa a turke mako biyu ba mai fita da shi kilisa, ƙafafu su kumbura. Kafin a yi sadakar arba'in, dukiyar da ake jiran a raba ta zube rabi.

Shari'a ba ta bar wannan giɓi ba, mu ne muke barinsa. Halilu ya ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi kuma a sayar da ita. Tunda magada ne masu ita yanzu, wajibin ya hau kansu gwargwadon kasonsu, kuma daga cikin dukiyar da aka bari za a fitar. Ba sai an jira rabo ba. Abin da ake bukata kawai shi ne magada su wakilta mutum ɗaya tun a kwanakin farko, ya riƙa rubuta abin da ya kashe. Wanda ya ciyar daga aljihunsa da niyyar a mayar masa, ya faɗa a gaban mutane tun farko, don in ya yi shiru sai ranar rabo, za a ce masa ai sadaka ya yi wa Baba. Haka abin da dabbar ta haifa a wannan tsakani, na kowa ne, ba na wanda ya yi wahalar kiwo shi kaɗai ba. Wannan na yi wa mutane ciwo, amma haka hukuncin yake.

Ranar rabo kuma sai lissafi. Mu ƙaddara mutum ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi. Dukiya za ta kasu takwas: matar ta ɗauki tumuninta, kashi ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. In masana sun yi wa dokin kuɗi naira miliyan 4, matar na da dubu 500 a jikinsa, kowace 'ya dubu 500, kowane ɗa miliyan 1. Doki ba ya yankuwa takwas. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce abin da ba ya rabuwa sai da cuta, in ɗaya ya nemi a sayar, za a tilasta wa wanda ya ƙi. Ƙuri'a ma ba a yin ta sai a kan abu iri ɗaya, ba za a jefa tsakanin doki da shanu biyu ba, sai dai in an yi sulhu kowa ya yarda. Shuf'a kuwa, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓar kason da aka sayar wa bare ya biya kuɗinsa, a fili da gini da itatuwa take, babu ita a dabba. Wato ɗan da ke son dokin mahaifinsa ya zauna a gida, hanyarsa ita ce ya karɓe shi a cikin kasonsa bisa ƙimar da aka yi, in ya ɗara kason ya cika wa 'yan'uwa. In ba shi da halin cikawa, ko wata ƙanwa ta ce ita kuɗinta take so yau, sai dillali. Kuma tana da gaskiya, ba rashin kunya ta yi ba. Na sha jin ana zargin mata da son kuɗi a irin wannan wuri, alhali a ƙarshe namiji ne zai hau dokin ya yi ado ranar Sallah, ita ko tafi ba za a yi mata ba.

Nan ma akwai wayon da ake yi. Farashin doki kan tashi gab da Sallah, na rago gab da layya, shanu kuma sukan faɗi a ƙarshen rani lokacin da suka rame. Magajin da ya san kasuwar Mai'adua ko ta Charanchi yakan matsa a yi ƙima a lokacin da ta faɗi, in shi ne zai karɓa. Shi ya sa ya fi kyau a kira masu ƙima biyu da ba su da hannu a gidan, musamman in akwai marayu ƙanana a cikin magada.

Tantabaru kuwa nasu daban ne. A ce an ƙirga su, an raba wa 'yan'uwa uku, kowa ya zuba nasa a kwando ya kai unguwarsa, wannan Rafindaɗi, wancan Ƙofar Ƙaura. Mako bai cika ba, da safe sai a ji kukansu a kan tsohon soro, sun jeru a bakin tukwanensu na da, mijin da aka kai gabas ya tarar da matarsa da aka kai yamma. Tantabara gidan da ta saba take komawa. Wanda gidan ya faɗa a kasonsa sai ya wayi gari da dukiyar 'yan'uwansa a kan rufinsa, tana cin geronsa. Wanda ya san kiwonsu ba zai raba su da kai-da-kai ba, zai ce a yi musu kuɗi gaba ɗaya su bi gidan.

Duk wannan rigima, dabbar da ake yi dominta ta yi sa'a, don akwai mai son ta. Wadda ta shiga uku ita ce wadda ba ta da farashi. Ba a taɓa kiran alƙali a kan kyanwar Hajiya ba. Ana gama arba'in a kwashe kayan ɗaki, a raba tasoshi da zannuwa, a sa kwaɗo. Kyanwar da ta saba da madara a murfin kwano da asuba ta yi kwanaki tana zagaya ƙofar, daga nan ta bi bola. Haka tsohon dokin da haƙoransa suka zube, wanda marigayi ya daina hawa amma ya ci gaba da ciyarwa don kunyar tsohuwar zuma, magada ba sa ganin komai a jikinsa sai kashe kuɗi. Haka jakin da ya tsufa.

Kare ya fi kowa rashin gata. A Risala an ce an hana sayar da karnuka, an kuma yi saɓani kan wanda aka yi izinin riƙewa, wato na farauta da na kiwo da na gadin gona, amma wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan, yana ganin halaccin sayar da shi, har aka ruwaito yana cewa zai sayar ya yi aikin Hajji da kuɗin. Wannan na nuna karen farauta ko na gadi haƙƙi ne da ke komawa hannun magada, ba abin da za a kora da dutse ba. A aikace kuwa, in ba ɗaya daga cikin 'ya'yan ne mafarauci ba, buɗe masa ƙofa ake yi. Karen da ya saba da gida, aka sake shi ba abinci ba allurar rigakafi, shi ne gobe zai haɗu da mahaukacin kare, jibi ya ciji yaro a hanyar makarantar allo, kuma ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Duk muna haddace da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. A wa'azi muke jin su, ba a cika tuna su a zauren rabon gado ba.

To mai dabba ya ce zai yi wasiyya ya huta. Nan ne tarkon da ya fi kama mutane yake. Wanda ya fi dacewa ya riƙe dabbar, kusan kullum, magaji ne: ɗan da ke bin uban barga tun yana yaro, ko matar da ke zuba wa tsuntsaye ruwa. Shari'a kuwa ta ce babu wasiyya ga magaji. In uba ya ce "dokina na wane ne bayan raina", wanen kuma ɗansa ne, maganar ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda bayan rasuwar, kuma a Malikiyya yardar tasu kyauta ce daga gare su, ba umarnin mamaci ake bi ba. Wanda ya ƙi, kasonsa na nan. Yaro ƙarami kuwa ba wanda ya isa ya yafe a madadinsa.

Mafita ta farko ita ce a duba wanda ba magaji ba. Muri ba magaji ba ne. Jikan da mahaifinsa ke raye ba magaji ba ne. Ƙanen mamaci ma, in akwai ɗa namiji, an shamakance shi, don haka wasiyya gare shi ta inganta. Sai dai ranar rasuwa ake dubawa, ba ranar rubutu ba. Jikan da aka yi wa wasiyya yau, in ubansa ya riga kakan mutuwa kuma babu wani ɗa namiji, ya zama magaji, wasiyyar ta koma jiran yardar sauran. Kuma kuɗin dabbar da kuɗin ciyarwar da duk sauran wasiyyoyi, na masallaci ne ko na rijiya, a cikin sulusi ɗaya za su matsu.

Ta biyu ita ce kyauta tun da rai da lafiya, wadda ita kam ana iya yi wa ɗa ko mata. Amma tana da sharaɗin da ke kayar da mutane a kotu, wato hauzi. Risala ta ce kyauta da sadaka da hubusi, wato wakafi, ba sa cika sai an karɓa an riƙe, in mai bayarwa ya mutu kafin haka, abin ya koma gado. Uban da ya ce ya ba ɗansa doki, amma dokin na nan a bargarsa, shi ke hawa, shi ke sayen harawa har ya rasu, bai ba da komai ba a idon alƙali. Sai dokin ya bar hannunsa a gaban shaidu. Wannan shi ne mai wuya, don mai son dabba ba ya iya rabuwa da ita yana raye, sai ya yi ta jinkiri har ciwo ya kwantar da shi. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka: cikin sulusi, kuma ba ga magaji ba. Sannan a kula da adalci tsakanin 'ya'ya. Malikiyya sun karhanta mutum ya ba wasu 'ya'yansa dukiyarsa duka, sun sauƙaƙa a ɗan wani abu daga ciki, amma doki mai tsada ga ɗa ɗaya kan bar tabon da ke kaiwa har jikoki.

Wakafi ma hanya ce, kuma ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Sarki Baibars na Masar, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya ware lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Malikiyya ba su shardanta wakafi ya zama na har abada ba, saboda haka mai hali na iya tsayar da hayar shago ɗaya na wasu shekaru a hannun mai kula, da sharaɗin ciyarwa. Shi ma in a lafiya aka yi, sai ya bar hannun mai shi, in bayan rai ne, cikin sulusi.

Kowace aka zaɓa, shaidu ne ƙashin bayanta. Halilu ya kawo cewa ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai sa shaida ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a zartarwa, don wataƙila ya rubuta ne yana tunani daga baya ya fasa. Takardar da aka tsinta a cikin Alƙur'ani ko a ƙarƙashin katifa ba ta wadatar. A kira adilai biyu, a karanta musu, su sa hannu. Kuma a tambayi wanda za a ɗora wa, don wasiyya ba ta hawa kan mutum dole, yana da ikon cewa ba ya so. Mutum nawa ne a Katsina yau zai karɓi doki kyauta, ya san abin da buhun dusa da damin harawa suke ci a watan Afrilu?

Ta fuskar dokar ƙasa, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi a cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurara, don haka irin wannan rigima a kotun shari'a take farawa. Masu zuwa wurin lauya su rubuta wasiyya irin ta Turawa sukan dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 1971 a shari'ar Adesubokan da Yunusa, wanda ya bar Musulmi ya raba dukiyarsa yadda ya so a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837. Amma daga baya wasu jihohi, irin su Kwara, sun yi dokokinsu da suka mayar da Musulmi ƙarƙashin iyakar shari'a. Ko ba don haka ba ma, wanda ya bi ta wannan hanya don ya tsallake sulusi saboda dabba, shekarun da za a kwashe a kotu sun fi ragowar kwanan dabbar.

Akwai kuma masu cewa a kashe dabbar in sun mutu, wai kada ta wulaƙanta. A 2019 an yi haka a jihar Virginia ta Amurka, aka kashe wata lafiyayyar karya mai suna Emma don cika wasiyyar mai ita, duk da roƙon ma'aikatan gidan kula da dabbobi. A wurinmu wannan ba ta tashi. Wasiyya da saɓo ba a zartar da ita, kuma halaka dukiyar da ta riga ta zama ta magada ɓarna ce. Wanda ya ce a yanka ragonsa a yi masa sadaka, wannan daban, ta halatta cikin sulusi.

Abin da ya rage shi ne nawa za a ware, kuma nan mutane kan yi kuskuren lissafi. Doki kan kai shekara 25 zuwa 30. Kyanwar gida kan wuce 15. Aku mai jan wutsiya kan yi 40 har ya ɗara, wato wanda aka saya wa yaro yana firamare na iya ganin jikokinsa. Kunkurun da ake ajiyewa a manyan gidaje kan binne wanda ya kawo shi da wanda ya gaje shi. Kuɗin da aka ƙulle a adadi ɗaya yau, da irin yadda naira ke zubewa, ba za su kai rabin tafiya ba. Abin da ke kawo kuɗi a kai a kai, kamar haya ko amfanin wata 'yar gona da za a riƙa samun harawa da kara daga cikinta, ya fi dunƙulen kuɗi amfani.

Sannan a faɗi inda ragowa za ta tafi in dabbar ta mutu. In aka ce ragowar ta mai kula ce, an ba shi dalilin ƙosawa da ranta. In aka ce zai riƙa karɓa muddin tana raye, an ba shi dalilin nemo wata mai kama da ita ya ɗaure a turken in ta mutu, kuma baƙar kyanwa ko jan doki ba su da wuyar samu. Shi ya sa ake raba aikin biyu: kuɗi a hannun wasiyyi, wato wanda aka ɗora wa zartar da wasiyyar, dabba a hannun mai kula, wasiyyin yana fitarwa wata-wata yana kuma leƙawa da idonsa. A cikin takardar a siffanta dabbar yadda dillalai ke yi, launinta, shekarunta, farin goshi ko na ƙafa, tsagar kunne ko tambarin wuta in akwai, a haɗa da hoto, a kuma ambaci mutum na biyu da zai karɓa in na farkon ya rasu ko ya gaza.